Gwiwar Hannun Mai Girki

Shekara talatin da biyu Sufeto ya yi yana zagaya kasuwa da akwatin duwatsun awo, yana ƙwace sikelin mahauta da mudun da aka bubbuga wa gindi. Ya yi ritaya, sunan bai sake shi ba, shi ma bai saki tef ɗin awon da ke aljihunsa ba. Dogo ne, irin waɗanda ke sunkuyawa a ƙofar gidan kowa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa kuskuren awo ba. Yakan faɗi haka a layin fansho, a gidan gaisuwa, har a gaban likitan da ke auna masa jini.

Kicin kuwa, iyakar saninsa da shi leƙe daga bakin ƙofa.

Ƙanin matarsa ne ya jawo maganar. Ya gama sabon gida, ya ja Sufeto har kicin, yana shafa kantar girki ta dutsen giranit kamar bayan doki, ya ce ai Yaya ma ta cancanci irin wannan, in da hali. Wannan "in da hali" ta tsaya wa Sufeto a rai. Washegari ya sanar cewa zai yi wa matarsa irin wannan kantar don tausayin bayanta, wanda ya shekara talatin yana ciwo ba wanda ya tambaye shi lafiya.

Mako biyu ya yi yana wahalar da masu shagon dutse. Falle guda ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya ce dama tayil ɗin giranit ya fi ƙarko. Ya sa aka buɗe kwali bakwai, ya auna kowane tayil gefe da gefe. Matar ta roƙi mai haske, wanda gari ba zai nuna a kansa ba. Ya zaɓi baƙi mai ɗigon ruwan gwal, don shi ne zai fi ɗaukar ido daga falo in an bar ƙofa a buɗe.

Mai tayil, dattijo marar yawan magana, ya bayyana ƙa'idar aikin: tsayin kantar girki inci huɗu ne ƙasa da gwiwar hannun mai girki, don haka a kira Mama a auna ta. Sufeto ya ce a gidansa ba mai riƙe tef sai shi. Ya jingina da bango, ya lanƙwasa hannunsa, ya rage inci huɗu, ya ja layi da fensir.

"Yallaɓai, taka ce fa ka auna."

"Kilo ɗaya a hannun dogo, kilo ɗaya ne a hannun gajere. Awo ba ya duban mutum."

Mai tayil ya waiwayi matar, wadda da ƙyar kanta ke kaiwa aljihun rigar mijinta. Ta ɗago ido ta dubi layin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce yadda Malam ya auna shi ne daidai. Sufeto ya ji daɗin wannan biyayya. Bai lura da yadda ta ciji leɓe ba.

Aka ja bulo, aka zuba siminti, injin yanka ya cika gidan da ƙura kwana biyu. Aka jera tayil, aka cike tsakaninsu, aka goge har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Da ya bushe, Sufeto ya sa aka ɗora murhun gas a kai, ya gayyato ƙanin matar da iyalinsa cin abincin rana.

A gabansu ta matsa jikin kantar. Dutsen ya tsaya mata a ƙirji. Ta ɗora tukunya, bakin tukunyar ya zo daidai goshinta. Ta yi ɗage, ta jefa gishiri sama kamar mai ciyar da tantabaru.

"Yaya, tsani za mu kawo miki gudummawa?" in ji ƙanin. "Wai wane gwanin ne ya yi wannan awon?"

Mai tayil ba ya nan balle a ɗora masa, ga matar da aka ja layin a gabanta. Sufeto ya ji shekara talatin da biyu na zamewa daga hannunsa. Ya gyara murya.

"Ai ba ita aka yi wa ba. Ni aka auna. Tun da na yi ritaya na ce lokaci ya yi da za ta huta."

Kafin ya rufe baki ludayi na hannunsa. Ta yi masa addu'a doguwa, ta ce wa baƙin su zama shaida, ta wuce falo ta miƙe ƙafa.

Wata biyar ke nan Sufeto na girki. Gishiri da sikeli yake auna shi, amma miyar ba ta taɓa fita iri ɗaya sau biyu ba, yara sun koma cin abinci a gidan kawunsu. Rannan, da idonsa ya yi ja da albasa, ya leƙo falo ya ce a hankali ko a gina mata ɗan dandamali a gindin kantar, inci takwas kacal.

Ta ce ita ba ta ƙi ba, sai dai tana jiye masa bakin mutane, kada a ce Sufeto ya yi kuskuren awo.

Ya koma kicin ya ɗauki wuƙa.