Ƙanena Bai Kai Ranar Suna Ba

Har yau idan na ji ƙaurin ganyen darbejiya yana tafasa a tukunyar wankan jego, raina ɓaci yake yi. Ba na iya hana kaina.

Ina 'yar shekara goma aka haifi ƙanena a gidanmu na Fassi, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ya zo da wuri, cikin bai cika wata tara ba. A ranar aka aika Unguwar Gai aka ɗauko kakata, mahaifiyar Inna, wadda ta shekara talatin tana ungozomanci.

Ko mayafi ba ta cire ba ta karɓe shi. Ta sa yatsa a tafin hannunsa, ya kama sako-sako. Ta shafa gefen bakinsa, da ƙyar ya juyo neman nono. Ta naɗe kunnensa, kunnen ya zauna a naɗe kamar ɗanyen ganye. Ta duba tafin ƙafarsa, sumul, babu zane. Sannan ta tafa hannu kusa da kansa. Lafiyayyen jariri zabura yake yi ya ware hannuwa. Shi kuwa ɗan motsi ya yi, ya yi wani kuka siriri kamar na 'yar mage.

"Ɗan nan bai nuna ba," in ji ta. "A rufe shi a ƙirjin uwarsa, a riƙa ɗiga masa nono. Kada ƙarfe ya taɓa shi."

Kwana biyu haka aka yi. Ni nake riƙe ƙoƙon da Inna ke tatsa a ciki, Kaka na ɗura masa da ɗan cokali. Kowace safiya sai ta sake gwada yatsanta. A safiya ta uku ta ɗago ta dubi Inna tana murmushi, ta ce riƙon ya fara ƙarfi.

Da hantsin ranar Baffa, yayan Baba, ya zo da wanzami. Shi ne babban gida, shi ke da motar da ke kai kaya Kano, maganarsa ba a musa ta. A gidanmu duk jariri ana cire masa belu, wato ɗan naman da ke reto a maƙogwaro, a rana ta uku.

Kaka ta tare ƙofar ɗaki. "Alhaji, ka yi wa Allah a bari ya yi arba'in. Jininsa bai kai cikin cokali ba."

Baffa bai ko ɗaga murya ba. "Iya, mun gode da ɗawainiya. Amma nan gidanmu ne, haka muka tarar."

Ka san wanda ya shiga ya ɗauko shi? Baba. Mahaifina, mai sanyin hali, wanda bai taɓa ko zagina ba. Ya zare shi daga ƙirjin Inna, kansa a sunkuye, ya kai shi zaure, don kada a ce ya bi maganar suruka ya bar ta yayansa. Wannan nake kasa haɗiyewa. Da mugu ne shi, da abin ya zo mini da sauƙi.

Aka dawo da shi da jini a leɓe. Daga nan bai sake haɗiyar komai ba. Kafin la'asar Kaka ta sa yatsa a tafinsa, yatsun ba su rufe ba. Ta fita zaure da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan surukai, ta ce a kai shi asibitin Rano yanzu. Baffa ya ce an riga an loda wa mota gyaɗa, a bari ta dawo gobe, ai kowane yaro yana yin haka.

Washegari kafin azahar aka binne shi. Maza suka cika zaure suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauko wanzami a kan babur ba. Kaka ta gama wa Inna wankan arba'in, ta ɗaure kayanta. Har ta rasu ba ta sake shan ruwan gidanmu ba.

Yanzu ni ma aikin karɓar haihuwa nake yi a Rano. Abin da Kaka ke dubawa da yatsa, shi aka koya mana a makaranta, sai dai mu muna da ma'auni da takarda. Abubuwa sun sauya, amma har yanzu ana samun uban da zai tsaya mini a baranda yana cewa a sallame su, wanzami na jira. Abokan aikina sun ce na cika faɗa. Ban musa ba.

Baffa ya tsufa, idanunsa sun tafi. Ina zuwa gaishe shi, ina durƙusawa kamar yadda aka koya mini. Da sallar bana yana yi wa wani baƙo bayanina, ya ce mu biyar Baba ya haifa.

Na ce, "Shida ne, Baffa."

Ya juya ya ci gaba da hira da baƙonsa. Ni kuma ban janye ba.