Neman Malam Ado Kafin Ruwa Ya Sauka

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Iyakar karatuna firamare ne, kuma ina tsoron kada rubutun ya zama tonon asirin bawan Allah da ke kwance. Sai da na sa aka sake tambayar iyalinsa, suka ce ba komai, sannan na zauna. Idan an ga kuskure a ciki, nawa ne.

Ni ne shugaban kwamitin iyayen yara na firamaren ƙauyenmu, a ƙasar Bagwai. Ba don na fi kowa sani aka ba ni ba, don dai ba na fashin taro ne. Damuwarmu ita ce damina. Da zarar shuka ta fito ciyawa ta taso, iyaye sai su kwashe yara zuwa gona, a bar 'yan ƙanana kaɗai a aji. Bara da masu duba makarantu suka zo, abin da suka tarar ke nan. Suka ce idan bana ma haka ta faru, za a haɗe mu da makarantar tsallaken rafi. Rafin nan kuwa idan ya kawo, babba ma sai ya tuɓe riga. Babu uban da zai tura ɗansa. A wurinmu haɗewar nan rufewa ce.

A da ba haka muke ba. Zamanin Malam Ado, hedimastan da ya daɗe tare da mu, yaro ba ya fashi da damina. Dabararsa gayya ce. Duk gidan da yaransa suka cika mako a aji, ranar Asabar da Lahadi sai ya kwashi malamai da manyan ɗalibai da samarin gari a je a nome wa gidan gona. Bayan ya yi ritaya muka gwada da kanmu. To wa za a fara yi wa? Muka fara da gonar mai gari, mutane suka ce dama sun sani. Shekara ta gaba muka yi ƙuri'a, wanda ya faɗo ƙarshe ciyawa ta cinye masa gero, har yau da ƙyar yake amsa sallamata. Gayya ta watse. Abin takaici, duk zamansa da mu babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake jera gonakin. Shi dai ya faɗa bayan sallar Juma'a, mu bi, kuma ba a taɓa rigima ba.

Hedimastanmu na yanzu, Malam Nura, mutum ne mai ƙoƙari, ba ya ɓoye abin da bai sani ba. Ya ce da ni, “Baba Shugaba, ni a birni na tashi, ban san gona ba. Lambar Malam Ado ta daina shiga. Ka je Kano ka tambayo mana shi kafin ruwa ya sauka.”

Daga gida zuwa Kano

Na fita bayan sallar asuba, ɗan acaɓa ya kai ni Bagwai. Na ɗaura wa Malam Ado gero kwano uku da kuka da daddawa. Tun a kan babur nake tunanin ko tsarabar ta yi kaɗan ga mutumin da yanzu yake da ofis a birni.

Motar Bichi ba ta cika da wuri ba. Na tambayi direba ko za mu isa Kano kafin azahar. Can na sake tambaya.

“Baba,” ya ce, “in ka ƙara tambayata, kai za ka tuƙa.”

Aka yi dariya, ni dai ban yi ba. Gonaki a gefen hanya duk an share su, an jibge taki tsibi-tsibi, kowa ruwa yake jira. A Bichi muka sauya mota. Kafin Dawanau aka tsayar da mu a shinge, jami'i ya taɓa buhuna ya ce mene ne. Na fara yi masa bayani tun daga maganar makaranta. Ya ɗaga hannu ya ce mu wuce.

A ofishinsu

Ofishin yana saman wani bene, ƙasansa masu ɗinki. Ban tarar da Malam Ado ba. Wata dattijuwa na tarar, Hajiya Binta, wadda ta daɗe tana shugabantar makarantar sakandare kafin ta ajiye aiki. Tare suka buɗe wurin. Ta bayyana mini aikinsu: masu makarantu suna kiran su, su je su zauna a bayan aji su ga yadda ake koyarwa, su gyara jadawali, su horar da malamai, su koya wa sabon shugaba yadda ake riƙe ma'aikata.

Da na faɗi sunan ƙauyenmu sai ta ajiye tabaranta.

“Ashe ba ku ji ba? Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki. An mayar da shi gida, wajen Gezawa.”

Na yi salati. Sai na ce ai ga gero na kawo masa.

Ta sa aka kawo mini ruwa, ta saurari maganata har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce Malam Ado daga malamin aji ɗaya ya fara, ya yi mataimaki, ya riƙe makarantun ƙauye ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda aka ba shi sai ta cika. “Ni na san aji da malamai,” in ji ta, “shi kuwa iyaye ya sani. Idan mai makaranta ya zo da kukan yara ba sa zuwa, shi nake turawa. Kullum ina ce masa, Malam, ka zauna mu rubuta abubuwan nan. Sai ya ce mini in bari aiki ya lafa.”

Na ce, “Hajiya, ko ya taɓa gaya miki yadda yake jera gonaki?”

“Ya ba ni labarin gayyar, yana dariya. Jerin kam ban tambaya ba. Ba zan yi maka ƙarya ba.”

Ta yi alkawarin taimaka wa Malam Nura ya nemi izinin sauya lokacin tashi da damina, kuma ta ce ba sai mun biya ba. Amma ta gaya mini gaskiya, wannan kaɗai ba zai riƙe yara ba muddin ciyawa na cin gonar ubansu.

Na kwana a wurin ɗan wana a Kurna. Tuwon da aka kawo mini kaɗan na iya ci.

Gezawa

Da safe na hau mota a Yankaba. Tafiyar ba nisa. Daga Gezawa ɗan acaɓa ya shiga da ni hanyar burji, yana tsayawa yana tambaya, har wani mai faci ya ce, “Gidan hedimasta? Ga shi can mai darbejiya a ƙofa.”

A zaure na same shi, an jingina shi da filo. Mutumin da idan ya yi gyaran murya a bakin makaranta har awaki ke natsuwa, ya rame, bakinsa ya karkace. Ya gane ni. Ya miƙo hannun hagu ya riƙe nawa, bai saki ba.

Matarsa, Inna Hauwa, ta zauna daga bakin ƙofa. Ta ce, “Yana jin komai, Malam. Fitar maganar ce babu.”

Na yi ta shakka ko ya dace in kawo masa damuwa a wannan hali. Amma gari ne ya aiko ni. Na gaya masa komai, har maganar rafi. Da na zo kan ƙuri'a sai ya runtse ido ya girgiza kai da ƙarfi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, to yaya kake yi?”

Ya buɗe baki. Ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, abin da ya fito kawai shi ne, “To… to…” Ya sake gwadawa. Sai hawaye. Inna Hauwa ta ce a bar shi haka, kada jininsa ya hau.

Ta raka ni waje ta kawo mini fura. A nan ta gaya mini iyakar abin da ta sani. Ta ce lokacin da suke garinmu, duk bazara da la'asar sai ya fita zagayen gonaki a ƙafa. “Ya dawo mini da ƙasa a aljihu, wata ja, wata rairayi. In zo wanki in yi ta faɗa. Sannan ya bi gida-gida kamar mai gaisuwa, ya ji wa ke ciwo, wa 'ya'yansa suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Yadda yake haɗa su a kansa, wallahi ban sani ba.”

“Shi kaɗai yake zagayen?”

“A'a, da wannan dogon malamin naku. Shi ke riƙe masa lema.”

Na tuna shi. Malam Dogo muke ce masa, ya koyar da lissafi, aka yi masa canji zuwa wajen Shanono tun da daɗewa. Ita ma ba ta san sunansa na yanka ba.

Da na koma yin sallama, Malam Ado ya kawar da kai wajen bango. Na yi masa addu'a na fito.

Komowa

Na biyo ta Kano da Bichi, na iso gida da magariba. Dattawa na zaune a ƙofar masallaci suna jirana. Na faɗa musu abin da na gani, sai liman ya ce a yi wa Malam Ado fatiha. Tun daga ranar ni da Malam Nura muke zagaya gonaki da la'asar. Muna dubawa, muna ɗibar ƙasa, amma ba mu san wacce za mu sa a gaba ba, kuma ina tsoron mu sake yin kuskure a rasa gayyar har abada.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Binta da Inna Hauwa da ɗan wana.

Roƙona ga masu karatu shi ne, duk wanda ya san wani dogon malamin lissafi da ya taɓa koyarwa a ƙasar Bagwai aka mayar da shi wajen Shanono, yana raye ko ya ajiye aiki, don Allah ya sanar da ni ta hannun masu wannan shafi. Haka kuma duk hedimastan da ya taɓa riƙe yara da gayya a garinsa, ya taimaka ya gaya mana gonar wa ake farawa da ita. Jiya an yi hadari a gabas, bai dai zubo ba.