Jar Akuyar Inna da Ɗan da Ba Nata Ba

Ranar wata Lahadi ce a bazarar 1985. Mun dawo daga majami'a rana ta take, na riga kowa shiga gida don in cire takalmin roba da ke ƙona mini ƙafa, sai na tsaya cak a bakin turke. Jar akuyar Inna tana tsaye a kan ɗanta tana tura shi da hanci, shi kuwa ya miƙe ƙafafu, ƙudaje sun fara taruwa a idonsa. Kwanansa tara a duniya. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, amma na san abin da mutuwar nan take nufi a gidanmu. Ƙanena Iliya yana da wata biyar, nonon Inna ya ƙafe saboda rashin ƙoshi, kuma nonon akuyar nan ake dafa masa a ba shi safe da yamma. Da la'asar Inna ta durƙusa da ƙoƙo ta matsa hantsar, abin da ya fito ko gindin ƙoƙon bai rufe ba. Akuyar ta riƙe nononta.

Gidanmu yana Sabon Gari, ɗaki biyu da rumfar kara, Baba kuma tela ne a bakin kasuwa. Daminar da ta wuce ta yi gardama, geron gonarmu ta Tibiri ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Iyakar Najeriya a rufe take, soja ke riƙe da ƙasa, manyan motoci suna kawo wata jar dawa daga waje a raba, sojoji na tsaye suna tsare layi. Mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare sun kafa bukkoki a gefen gari. Mu yara dai ba mu fasa komai ba. Da safe mu yi sahu a filin lakwal, wato makarantar boko, a ɗaga tuta, da tara mu zana gidan 'yar gala-gala a ƙasa, da yamma in yi layin famfo da tulu, in dawo in kama wa Inna surfe. A shekarar ce Kaka, mahaifiyar Baba, ta baro Tibiri ta dawo wurinmu, don rumbunta babu ko zangarniya.

Kaka ce ta ba da shawara. Ta ce jar akuya ba ta sakin nono sosai sai ɗa ya fara tsotsa, in aka bar ta haka kwana kaɗan zai ɗauke gaba ɗaya. Ta sa Baba ya feɗe mataccen ɗan a ranar, aka huda fatar wurin ƙafafu huɗu, aka rataye ta a inuwar rumfa. Washegari ya hau keke zuwa Jiratawa wurin Kawu, wanda aka ce yana da wani ɗan akuya da uwarsa ta mutu. Nufin Kaka a sa wa maraya fatar kamar riga, uwar ta shinshina ta ɗauka nata ne. Duk wannan a tsakaninsu manya suka yi shi, ba wanda ya ga ya dace a yi wa yarinya bayani.

Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya yi ni da karambani. Na dawo daga lakwal ran Litinin na tarar fatar ta fara wari, ƙudaje sun yi mata baƙi, ga Iliya kwance a tabarma kusa da ita. A makon nan Madam, malamar ajinmu, ta gama yi mana darasin tsabta, ta ce ƙuda shi ke kawo zawo. Inna ta tafi layin dawa, Kaka tana barci. Na ɗebi ruwan tulu, na ɗauko sabulun wanki, na dirje fatar ciki da waje, musamman wajen wutsiya inda warin ya fi yawa, na shanya ta fes. Har ina jin daɗi a raina ina jiran a yaba mini.

Baba ya iso da yamma da marayan cikin kwando a bayan keke, ɗan mitsitsi, baƙi da fari, ƙafafunsa na rawa. Aka sa masa fatar aka tura shi gaban akuyar. Ta shinshina bayansa sau ɗaya, ta ja da baya, ta tunkuye shi har ya bugu da bango. Kaka ta ɗaga fatar ta kai hancinta, sannan ta juyo ta dube ni. "Mi kinka yi, Rifkatu?" Na faɗa mata gaskiya. Ba ta dake ni ba, da ma dukana ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Akuya ba da ido taka sanin ɗa nata ba, da hanci taka sani. Ke 'yar lakwal kin wanke mata ɗa." Na yi kunyar da ban taɓa yin irinta ba, na kasa cin tuwo.

Baba ya ce ba zai zuba ido akuya ta ƙafe ta rame a banza ba, ran Juma'a zai kai ta kasuwa tun tana da sauran nama, a sayo hatsi, Iliya a gwada shi da koko. Kowa ya san kokon jar dawa ba ya zama a cikinsa, an gwada, ya amayar. Na ce a bar mini ita zuwa Juma'ar. Baba ya yi dariyar da ba ta farin ciki ba, ya ce in yi abin da zan iya.

Na cire wa marayan fatar na jefar. Da asuba, da rana in na dawo, da yamma, sai in matse wuyan akuyar tsakanin gwiwoyina, in riƙe ƙahonninta, Kaka ta tura ɗan ƙarƙashinta. Ta yi harbi, ta yi fitsari, ta taka mini ƙafa har farce ya fita. Kwana ɗaya muka yi a haka na ga ƙarfi ba zai kai mu ba. Sai na tuna wani hali nata: duk inda take, da ta ji an buga tsohon kwanon da ake zuba mata dusa, sai ta sheƙo a guje. Ba da wannan aka haife ta ba, a gidanmu ta koya. In ta iya koyon kwano, me zai hana ta koyi maraya? Na bar zuwa wasa, na riƙa gangarawa bakin gulbi, wanda ya zama rairayi zalla, ina tsintar 'ya'yan gawo, muna rige-rige da 'ya'yan makiyaya. Na kafa mata doka: ba za ta ga ko ɗaya ba sai ɗan yana kan nono. Da ta tunkuye shi in ɗauke kwanon, da ta tsaya in mayar. Tana kallona da idon nan nata mai taurin kai, ni ma ina kallonta, don ban ga ta fi ni ba.

Ran Laraba ta tsaya ba riƙo, kanta cikin kwano, ɗan na tsotso, Inna na tatsar ɗaya gefen. Nonon ya ɗan ƙaru, amma da gawon ya ƙare sai ta juyo ta kore shi. Kaka ta ce in yi haƙuri, in nononta ya ratsa cikinsa ya fita, warinsa zai koma nata. Baba dai bai gamsu ba, ya ce gawon gulbi ya kusa ƙarewa, akuyar da sai an ba ta cin hanci ba uwa ba ce.

Safiyar Juma'a Baba ya kwance igiyar daga turke. Ban yi kuka ba, na dai bi bayansu har zaure. Suna kaiwa bakin ƙofa marayan ya ƙwalla kuka daga tsakar gida. Akuyar ta turje. Baba ya ja, ta kafe ƙafafunta huɗu, ta juya kai, ta yi wani ɗan kuka can ƙasan maƙogwaro baki rufe, irin wanda ba a yi wa kowa sai ɗa. Ɗan ya rugo ya shige ƙarƙashinta. Ta shinshina gindin wutsiyarsa, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta buɗe ƙafa ta tsaya, babu kwano babu gawo. Inna ta zo da ƙoƙo a nan cikin zaure ta tatsa, ya kai rabi, har da kumfa. Baba ya tsaya da igiya a hannu yana kallo, daga baya ya miƙo mini ita ya ce, "Mai da ta turke." Ya ɗauki kekensa ya tafi shago.

Da nonon nan Iliya ya kai damina. Yanzu ina zaune a unguwar Zariya, a cikin garin nan dai, babura sun cika titi, madarar gari tana kowane kanti, jikokina kuwa ba su taɓa ganin an tatsi akuya ba. Kaka da Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma wani lokaci nakan yi kewar tsakar gidan nan duk da yunwarta, don a can ne kowa ya san abin da ke riƙe da ran kowa. Iliya ya zama malamin makaranta, ya fi ni tsawo, furfura ta fara fito masa. In na ba shi labarin sai ya yi murmushi ya ce bai tuna komai ba. Ni nake tuna masa jar akuyar nan.