Ƙwaryar da Aka Ce Ta Ɗaure Ruwa

Shekarun baya, lokacin kullen korona, na maƙale a ƙauyenmu can wajen Tsanyawa. Damina ta yi jinkiri, gero ya yi tsada, ni kuma ga aiki a wuyana. Ina cikin masu zana wata na'ura da za a ɗora wa ƙaton madubin hangen taurari a ƙasar waje. Zaruruwan gilashi ne sirara kamar gashi, kowanne ya ɗauko hasken tauraro ɗaya ya kai inda za a rarrabe shi launi-launi. Nawa aikin shi ne tsara zamansu kada su sarƙe. In ban nuna tsarin a kan lokaci ba, wani za a ba gurbina.

Da babu ɗakin gwaji, sai na roƙi mahaifiyata tsohuwar ƙwarya. Na huhhuda ta, na zura zaren hula a kowace huda, kullum ina tsakar gida ina ɗaga ta sama ina jujjuyawa. Ashe maƙwabta suna leƙe ta danga. Kafin in ankara magana ta zaga gari, wai ɗan bokon nan ne ya ɗaure ruwa.

Aka kira ni zauren liman. Ko ɗar ban ji ba, don na san aikina. Don in nuna musu yadda ake rarrabe haske, na ce a kawo kwanon ruwa da madubi, na saita su da rana, sai ga launukan bakan gizo reras a bango. Ina ta washe baki, na manta a wurinmu cewa ake yi bakan gizo yana shanye hadari. Wani dattijo ya miƙe ya ce shaida ta ƙare, a ƙona ƙwaryar.

Liman ya daɗe yana dubanta. "Ruwa na Allah ne, zare ba ya ɗaure shi," in ji shi. "Amma ƙwarya a nan za ta zauna. Mai aiki da ita ya zo nan ya yi."

A zaurensa na ƙarasa aikin, daga nan na nuna wa abokan aikina ta waya, suka karɓi tsarin. Ruwa sai daga baya ya sauka.

Har yau ina alfahari da aikin nan, amma liman ya fi burge ni. Bai tsaya sai ya fahimci na'urata ba kafin ya kare ni. Da na je karɓar ƙwaryata ya hana. Ya ce wata shekarar ma ruwa zai yi jinkiri, gara a same ta a hannunsa, shi da ba mai zarginsa.