An Tambayi Masu Tafiya da Ƙafarsu

Na daɗe ina dakon nama a mayankar Oko-Oba. Cinyar sa a kafaɗa, jini na bin baya har cikin wando. Aikin nan yana cin ƙugu. Ya ci na yayana. Tun kafin azumi yake kwance a ɗakinmu a Agege, fitsari ma sai a roba.

Wata rana mutanen wata ƙungiya suka zo, maza biyu da mace ɗaya, ta toshe hanci da hankici. Suka ce za su buɗe ɗakin magani kyauta, ko a wajenmu ko a wata kasuwa, duk inda ciwo ya fi yawa. Amma sai sun yi tambayoyi tukuna.

Shugabanmu na 'yan dako ya ce ba a tarbar baƙo da gurgu. Ya bi layi yana nuna ƙarti da sanda. Mai tari, ya kora shi bayan rumfar fata. Mai ɗingishi, ya aike shi sayo ruwa. Ni ya zaɓe ni, har da ara mini riga.

Matar ta tambaye ni ta bakin tafinta, "Yaya jikinka?"

Shugaba na tsaye a kaina. Na ce, "Alhamdulillahi."

Na kusa da ni ya bugi ƙirji. "Madam, ni sa guda nake ɗauka, har da ƙahonsa!"

Aka yi dariya. Ta rubuta.

Na ja tafintan gefe. "Oga, marasa lafiyan suna gida. Motar danfo ɗaya ce daga nan."

Ya duba agogo. "Malam, na wajen aiki aka ce mu tambaya."

Wanda bayansa ya karye, me zai kawo shi wajen aiki? Ban yi boko ba, amma in kana son sanin ko kogi na cin mutane, ba waɗanda suka haye kaɗai za ka tambaya ba.

Bayan Sallah labari ya zo: wai sun gano 'yan dakon mayanka lafiyarsu ƙalau. Ɗakin magani ya tafi waccan kasuwar. Shugaba har da murna, wai ba a kunyata mu ba. Na tofar da yawu.

Yayana ya ce, "Kai me ka ce musu?"

Na faɗa masa. Ya juya fuskarsa bango.

Ba a yi wata ba na roƙi direban wata tirela da ta sauke shanu. Muka shimfiɗa kwali a kan kashin shanun, muka kwantar da yayana, aka tafi da shi Arewa. Da na koma mayanka, an riga an fara yanka.