Man Shanun da Na Ƙona wa Kaka

Ƙarfe biyar da kwata na yamma man ya ƙone. Na san lokacin don agogon Baba na ɗaure a hannuna, kuma shi nake kallo, ba tukunya ba.

Mun taho Bungudu daga Gusau, ni da Inna, saboda Kaka ta kwana uku ba ta sa komai a ciki ba. Ran nan da safe ta ce in da tuwon dawa da miyar kuka da soyayyen man shanu, za ta taɓa. Curin man ɗaya ne a gidan, wanda Gwaggo ta aiko daga Tsafe. Inna na wajen tuwo, na roƙa a bar mini suyar. Ina da littafin da nake rubuta girkin Inna a ciki: albasa rabi, minti goma sha biyu. Amma a kan risho na auna mintocin. Shekarun wahalar kananzir ne, a gidan Kaka kuwa icce kawai ake hurawa.

Kafin minti na tara albasa ta yi baƙi. Na tace man a mayafina har sau biyu. Na shiga gidaje uku neman wani man, ni da ko gaisuwa ke yi wa wuya, duka babu. Na dawo na zuba ƙonannen a miyar haka nan, ban gaya wa kowa ba.

Bayan magariba aka fito da Kaka gefen murhu, inda ta saba yi mana tatsuniya. Ta kai loma ɗaya. Ina gefe riƙe da littafina, ina kallonta. Ta kai ta biyu, har biyar, sannan ta dube ni.

"Malama, aje littahin nan ki matso. Wagga ba ta rubutawa ba ce."

Ta ce wai da can man shanu magana yake yi. Da ya ji wuta sai ya fara ba da labarin ruga: saniyar da ta haihu, wadda ta ɓata, ciyawar da suka ci. Wata mata mai gaggawa ta tafi ɗibar ruwa ta bar shi yana ta zuba. Ya gama labari, ya yi shiru, ya jira a ce masa sannu, ba kowa. Sai ya ɓata rai ya yi ɗaci.

"Shi ya sa in ya yi shiru, a sauke shi," in ji ta. Muryarta da kyar take fita.

Kwana tara bayan nan ta rasu. Na yi shekaru ina soya mai da kunne, ina kuma tunanin abincin ƙarshe da ta nema, ni na lalata shi na ɓoye. Sai da na yi aure na iya tambayar Inna ko Kaka ta gane.

Inna ta yi dariya, ta share ido.

"Tun tana ɗaka ta ji ƙauri. Ta ce mini, 'Kul kika yi mata magana. Yarinyar nan ta shiga gida uku saboda ni, ko gawayi ta zuba sai na ci.'"