Gyaran Albasa a Kasuwar Kalgo

Jiya mai albasa ya ƙara mini biyu gyara, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A zamanin Turawa, ina sabon ango a Gwandu, na ce masa zan bar saƙa in shiga fatauci irinsa. Bai hana ni ba. Muka ɗora wa jakuna albasa muka nufi Kalgo. Ya zaunar da ni gaban kayan, shi kuma ya koma inuwar tsamiya yana cin goro.

Wata tsohuwa ta sayi kashi ɗaya, ta ce, "Ɗan nan, gyara fa?" Na daɗe ina tono kafin na zaƙulo mata mafi ƙanƙanta.

Kawu ya yi dariya har da hawaye. Ya kira ta, ya cika mata ƙwarya. Sannan ya dafa ni da hannunsa mai warin albasa, ya ce, "Ɗana, wanda gyara ke yi wa ciwo, kasuwa ba gidansa ba ce. Koma wa zarenka."

Na koma, kuma da saƙa na aurar da 'ya'yana duka.

Allah ya cika wa Kawu mizani, ya ƙara masa da gyara.